Kwanon Gidan Bakin Tsamiya

Ƙannena da ƙawayensu sun ɗauka aikina wasa ne. Ran nan a gidan suna a Woolwich, nan London, wata yarinya ta ce min, "Anti Saratu, ai yanzu yawu kawai ake tofawa a kwalba a yi posting, sai a turo wa mutum asalinsa a waya. Ke me kike yi a ofis?" Aka yi dariya, ni ma na taya su. Amma a kwanakin ne abin da zan ba ku labari ya faru. Har yau idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai in ga na miƙe tsaye ban shirya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, masu cewa su ma za su shigo sana'ar su san abin da ke cikinta.

Sana'ata bin asali ce. Mutum zai zo ya ce yana son ya san daga ina kakanninsa suka taso, wa ya haifi wa, wa ya fara sauka a garinsu. Mu kuma sai mu bi tsofaffin takardu, mu bi bakin tsofaffi, mu haɗa mu rubuta masa. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a Deptford, a saman shagon Hajiya Mariyama, wata 'yar zangon Kumasi mai sayar da busasshen kifi da manja. Duk takardar da ta kwana a wurinmu sai ta fita da warin kifi.

Ban yi jami'a ba. Mun zo daga Kaduna ina 'yar budurwa, na ƙarasa sakandare a nan, na kama aiki a shagon ƙasa. Mai ofishin sama Baba Haladu ne, dattijo Bazazzage da ya daɗe yana tafinta a asibitoci kafin ya koma wannan. Wata rana ya sauko sayen daddawa da hoton wani rubutun ajami a hannunsa, yana kai shi nesa yana dawo da shi kusa. Na leƙa na karanta masa layin farko. Ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yar nan, wa ya koya miki?"

Na ce kakata ce, da ajami take rubuta komai.

Ya ce, "To kifin nan zai iya sayar da kansa. Hawo sama."

Ranar da ya fara kai ni ɗakin karatun da ake ajiye takardun Turawan mulki, tun a bakin ƙofa ya mayar da ni in wanke hannu, don na shafa mai. Ba a shiga da biro, sai fensir. Ba a shiga da jaka, sai ta leda wadda ake ganin cikinta. Sai ka yi booking tun kafin ranar, ka rubuta lambar akwatin da kake so, ka zauna ka jira a gunguro maka shi. Littafin da ya tsufa ba a shimfiɗa shi a tebur, a kan soso ake ɗora shi, a danne shafin da wata igiya mai nauyi kamar carbi. Baba yana da wani gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙin katako, ya fi ni shekaru, shi ne idonsa na biyu. Yawancin takardun ƙasarmu suna can gida, muna da mutum a Kaduna da yake ɗauko mana hotonsu. Abin da ke nan shi ne littattafan rangadin Di'o-Di'o, waɗanda jikokinsu suka tsinta a rufin gida suka kawo aka ajiye.

Abin da Baba ya fi nanata min shi ne kada in rusuna wa takarda. Yakan ce, "Ita fa ba ta je garin ba. Wani aka tambaya, wani ya fassara, wani ya rubuta yana gumi yana son ya koma masauki. Ki fara tambaya wa aka tambaya, a gaban wa, kuma me yake tsoro ko yake jin kunya." Manomi yakan ɓoye ɗansa saboda haraji. Wani yakan ƙara wa kansa shanu don a gan shi da girma. Duk an rubuta, kuma da kyakkyawan rubutu.

Kayan aiki na biyu shi ne na'urar ɗaukar murya, da iya zama. Tsohuwa ba a tambayarta sunan mijinta ko na surukinta, ba za ta faɗa ba, kuma ka ɓata zaman. Sai dai ka tambaye ta ina suke ɗebo ruwa, me ta fara dafawa a gidan miji, wa ya yi mata wankan jego. A nan mutanen suke fitowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka kira su ba.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai wani likita da ya zo da yaƙinin gidansu jinin sarauta ne, muka bi muka tarar kakan kakansa maƙeri ne, gwani, har Bature ya zana hoton garmar da ya ƙera. Sai ya ce a cire maganar ƙira a bar maganar gwaninta. Akwai wata nas 'yar Filato da take neman kakanta da ya tafi yaƙin Turawa bai dawo ba. Sunansa kaɗai muka samo mata, an rubuta shi a karkace, ta zauna a kujerar ofis ta riƙe hoton har aka rufe kasuwa. Kowa yana son ya fito daga sarki ko malami. Ba kasafai ake zuwa neman manomi ba, alhali su suka fi yawa, kuma su suka sare dajin da kowa yake taƙama da shi.

Shekarar da aka kulle gari saboda annoba ita ce mummunar shekararmu. An rufe ɗakunan karatu, duk booking ɗinmu aka yi cancel. Wannan mai sauƙi ne, takarda tana jira. Tsofaffi ne ba su jira ba. Muna da jerin dattawan da Baba yake cewa za mu kira bayan salla, a nan da can gida, sai dai mu ji an yi rasuwa. Bayan an buɗe gari shi ma Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a Woolwich. Ya miƙo min makulli da gilashinsa da hannun da ke motsi. Tun daga nan ni kaɗai nake hawa benen.

Aikin da ya girgiza ni na wani mutum ne da zan kira Alhaji Mudi, mazaunin Barking, yana da motocin haya. Garinsu ba zan faɗi sunansa ba, tunga ce a bakin fadama. Kakan babansa, Jatau, shi ya taso daga arewa da gatari da iyalinsa ya sare dajin, ya haƙa rijiya, mutane suka biyo shi. Alhaji bai ɓoye min dalilinsa ba. A wajen shingen garin akwai wani gida a bakin tsamiya, zuriyar wani da ake kira Na-Birni, su suke noma mafi kyawun ɓangaren fadamar. Ya ce Na-Birni baƙo ne, da girmansa ya zo daga birni, Jatau ya ba shi aron gona. Gonar aro kuwa ana karɓarta. Mai unguwa ya sa zama bayan kaka, kuma Alhaji yana son takardar da za ta nuna 'ya'yan Jatau nawa ne. Mutanen bakin tsamiya suna cewa su ma jininsa ne, amma ba su da abin nunawa, kuma dattawan da suka san zancen sun tafi.

Na samo takardar. Littafin rangadin wani Di'o ne, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Ya rubuta cewa ya kwana a wata sabuwar tunga, mai ita Jatau, ya tambaye shi 'ya'yansa maza a gaban jama'a ya lissafa masa uku: Sani, Salisu, Rabi'u. Sani shi ne kakan Alhaji. Da na tura masa hoton shafin, sai da ya kira ni yana sa min albarka.

Ni kuwa sunayen suka tsaya min a rai. Kowa ya san yadda ake jera su a gidajenmu: Sani na biyu ne, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu. Ina na farin? Na tambayi Alhaji, ya ce ƙila ya rasu a goye, yara nawa suke rayuwa a lokacin? Maganarsa tana da kan gado. Amma aikin bai cika ba sai an ji bakin tsofaffi, kuma mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, tana gidansa a Barking, ya kawo ta ganin likitan ido.

Na same ta a falo kusa da hita, ta lulluɓe ƙafafunta da bargo. Na durƙusa na gaishe ta, na kunna na'ura, na tambaye ta girkinta na farko da aka kai ta tungar tana amarya. Ta yi dariya har da tari.

"Tuwon dawa miyar kuka, 'yar nan, ya yi gudaji kuwa. Uwar mijina ta ce ba komai, a zuba a kai wa iyaye. Kwano huɗu aka jera min."

Na ce, "Huɗu, Hajiya?"

"Huɗu mana. Na farko, mai murfin faifai sabo, gidan bakin tsamiya ake kaiwa, wurin Baba Babba. Sai an dawo da kwanonsa sannan a kai wa surukina, sannan ƙannensa biyu. Haka na tarar ana yi."

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara, yayana ne yana tambaya ko ya biyo ya ɗauke ni. Na ce, "Lawal, bari, zan hau jirgin District line." Da na ajiye sai Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Ashe mai sunan Baba Babba gare ku a gida. Allah ya raya shi."

A jirgin komawa na saurari wurin nan har na wuce tashata. Jatau bai yi wa Bature ƙarya ba. Baba Babba, wato Na-Birni, shi ne Lawal, ɗan farinsa, kuma mutanen da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna shi, sau da yawa ma ba su suke riƙonsa ba, 'yan'uwa ake ba wa. An bar Lawal a birni wurin dangi, ya girma a can, ya biyo ubansa da gemunsa. Uban ya ba shi gona mafi kyau, ya kafa masa gida a wajen shinge inda ba za su riƙa haɗa ido ba. Da aka ce ya lissafa 'ya'yansa a gaban jama'a, sai ya fara daga na biyu. Kunyar da ya yi don girmama ɗansa ita ce yau take shirin korar jikokin ɗan daga gonarsu.

Na kira Alhaji na gaya masa a hankali. Sai ya kashe wayar. Washegari da rana tsaka, kasuwa tana ci a ƙasa, na ji takun mutum a bene. Ya shigo ya rufe ƙofa, ya tsaya a jikinta.

"Ke yarinya, takarda na ce ki nemo min, kin nemo. Wa ya aike ki ƙari?"

Na ce, "Alhaji, ka zauna in nuna maka."

"Ki nuna min me? Surutun tsohuwar da ba ta gani? Za ki rubuta report ɗin nan da 'ya'ya uku, ki sa hannu. Na san babanki, na san masallacin da yake salla, na san flat ɗinku. London ƙarama ce."

Ya buga tebur. Gilashin Baba ya faɗo ƙasa ya tsage. Na tsaya ina kallon hannunsa da mariƙin ƙofar da ke bayansa. Ɗakin ba shi da wata mafita. Sai muka ji Hajiya Mariyama tana dukan silin da sandar tsintsiya daga ƙasa, tana ihu da Hausarta ta zango, "Saratu! Kai lafiya? Wane ne yana faɗa a sama? Ina zuwa da yaran kifi!" Ya dube ni ya ce ranar Asabar zai kira mutanen gida a waya, in kawo abin da ya ce. Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Da yamma na je wurin Baba Haladu. Maganarsa yanzu a hankali take fita, ta gefen baki ɗaya. Na ajiye masa gilashin a cinya. Ya shafa tsagar da yatsa.

"Me takarda ta ce?"

"Uku."

"Tsohuwa fa?"

"Kwano huɗu."

"To rubuta duka biyun. Hukunci ba naki ba ne. Amma kwanon nan ba ki da ikon ɗauke shi."

Na ce, "Baba, tsoro nake ji."

Ya ce, "Ki ji. Ki canza makulli. Kada ki je ke kaɗai."

Ranar Asabar Hajiya Mariyama ta rufe shago ta raka ni, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko ranar salla. A falon Barking an jingina waya a jikin filas ɗin shayi. A cikinta ga mutanen tunga a ƙarƙashin rumfa: mai unguwa, wanda bai fi sa'an Alhaji ba, da 'yan dattawa, da wani siririn tsoho daga gidan bakin tsamiya a can gefen tabarma, ya ɗora hularsa a gwiwa. Hajiya Yalwa tana kujerarta kusa da hita, ba wanda ya dube ta. Alhaji bai karɓi report ɗina ba. Hoton shafin Bature ya ɗaga ya karanta musu, ya fassara.

Mai unguwa ya ce, "Malama, ke kika gano takardar nan? Haka ta ce?"

Na ce haka ta ce. Ban ƙara da maganar kwanon ba. Tsohon can ya sunkuyar da kai.

Sai Hajiya Yalwa ta ce, "Mudi, juyo min abin nan."

"Inna, maganar maza ce ake yi."

"Na ji. Juyo min."

Ya juya wayar. Ta ba su labarin kwanukan kamar yadda ta ba ni, har da gudajin tuwon. Ta ce surukinta, mai garin guda, bai taɓa zama a kan kujera ba idan mutumin bakin tsamiya yana tsaye. Ta ce, "Ku yara ne, kun tashi kun ji ana cewa Na-Birni kun ɗauka sunansa ke nan. Ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa na yi shiru."

Mai unguwa ya ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma. To mene ne sunansa na yanka? Idan ya dace da wanda mutanen gidansa suka gaya min, magana ta ƙare."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta. "Tun ina amarya ban faɗi sunan nan ba, ba a cikin waya zan fara ba." Ta juyo inda take jin numfashina. "'Yar nan, ke ba surukinki ba ne. Faɗa musu."

Alhaji yana tsaye a kaina, ina ganin takalminsa. Hajiya Mariyama ta dafa bayana da hannunta mai nauyi. Na ce, "Lawal."

Hoton ya tsaya cak, ya dawo. Mai unguwa ya kawo kunnensa kusa. "Malama, network ya ɗauke, ba mu ji ba. Ɗaga murya."

Wallahi na so in ce na manta. Na riƙe gefen kujera na ce, "Sunansa Lawal. Muhammadu Lawal, ɗan farin Jatau."

Hajiya Yalwa ta gyaɗa kai. "Shi ne."

Tsohon da ke gefen tabarma ya ɗauki hularsa ya rufe fuskarsa da ita. Mai unguwa ya dubi dattawan, sannan ya ce, "To, Alhaji, zance ya canza. Aro muka zauna a kai, wannan kuwa gado ne. Gidan yayan kakanka ne." Alhaji ya ɗauki makullin motarsa ya fita. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sake ganinsa ba. Na ji daga baya mutanen bakin tsamiya sun shuka shinkafarsu a fadamar da damina.

Report ɗin yana wurin Hajiya Yalwa. Ba ta karatun boko, idonta ma bai gama warkewa ba, amma ta ce a bar mata shi a ƙarƙashin matashi. A shafin farko na rubuta abin da Bature ya ji, 'ya'ya uku. A ƙarƙashinsa na rubuta abin da amarya ta ɗauka a kanta, kwano huɗu.

Na canza makulli. Na juya tebur, yanzu ƙofa nake fuskanta, kuma ba na karɓar kowa sai Hajiya Mariyama tana ƙasa. Gilashin Baba ban sayi wani ba, da shi nake karatu, tsagar tana ratsa tsakiyar kowane layi, sai in ɗan karkata shi. Yarinyar nan ta gidan suna ta turo min saƙo wai tana son ta zo ta ga yadda ake yi a hutun makaranta. Na ce ta zo da fensir, kada ta shafa mai, kuma kafin ta zo ta je ta zauna wurin kakarta ta tambaye ta wa aka fara kai wa tuwo.